Koyar da Darasin Motsa Jiki ga Ɗalibai Masu Ƙarancin Fahimta: Ma'ana, Dabaru da Tanadin Doka

Darasin motsa jiki da kiwon lafiya na cikin darussan da manhajar ilimin bai-ɗaya ta tanadar wa ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya. Sai dai ɗalibi mai ƙarancin fahimta sau da yawa a gefen fili yake ƙare lokacin darasin, yana gadin jakunkuna da takalman 'yan ajinsu, ko don malami na tsoron kada ya ji rauni, ko don an yanke cewa ba zai gane ƙa'idar wasa ba. Akwai fanni guda a ilimin koyarwa da ya keɓanta da wannan matsala, wato gyara darasin motsa jiki ya dace da ɗalibi mai buƙata ta musamman. Ginshiƙinsa shi ne, gudu da tsalle da jifa da cafe ƙwallo, waɗanda sauran yara ke ɗauka a ƙofar gida ta hanyar kallo da kwaikwayo, shi wannan yaro sai an koya masa su daki-daki kamar yadda ake koyar da baƙaƙe da lissafi. Idan kuwa aka koya masa ta hanyar da ta dace, yana iyawa.

Mece ce lalurar ƙarancin fahimta?

Likitoci da masana halayyar ɗan Adam na duba abubuwa uku kafin su ce mutum na da wannan lalura. Na farko, rauni a wajen tunani, koyo da warware matsala, wanda a gwajin auna basira yakan bayyana da maki 70 ko ƙasa da haka, alhali matsakaicin makin jama'a 100 ne. Na biyu, gazawa a hidimomin yau da kullum kamar sa tufafi, mu'amala da mutane, ƙirga kuɗi da kiyaye kai daga haɗari. Na uku, lalurar ta fara tun yarinta. An ƙiyasta cewa tana shafar kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na al'umma, kuma an kasa ta mataki huɗu: mai sauƙi, matsakaiciya, mai tsanani da mai tsanani ƙwarai. Mafi yawan masu ita, kimanin kashi 85 cikin 100, a mataki mai sauƙi suke, kuma da dama daga cikinsu suna zaune a azuzuwan makarantun gwamnati ba tare da an taɓa tantance su ba, sai dai a ce ba su da ƙoƙari.

Lalurar ta bambanta da taɓin hankali, wanda cuta ce da kan iya samun mutum a kowane lokaci na rayuwarsa kuma ana shan magani a kanta. Ita ƙarancin fahimta yanayi ne da mutum ke rayuwa da shi, kuma abin da ke rage tasirinta shi ne koyarwa da tallafi. Sunayen da ake jifan irin waɗannan yara da su a unguwa, irin su dolo da gaula, na daga cikin abin da ke sa iyaye su ɓoye su a gida.

Musabbabanta suna da yawa. Akwai na halitta, kamar lalurar Down, inda ake haihuwar yaro da ƙwayoyin gado 47 maimakon 46. Akwai waɗanda ake iya kaucewa: ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki, doguwar naƙuda da ke hana jariri samun isasshiyar iska, shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa da kuma gubar dalma. A shekarar 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. A lokuta da dama kuma ba a gano musabbabin ko kaɗan.

Amfanin darasin a gare su

Yara masu wannan lalura kan yi jinkirin zama, rarrafe da tafiya, kuma jinkirin yakan bi su zuwa makaranta ta fuskar daidaita tsayuwa da haɗa aikin ido da hannu. Yaron da bai iya cafe ƙwallo ba, abokansa ba sa zaɓensa a wasa. Rashin zaɓen na hana shi samun atisaye, rashin atisayen kuma na ƙara faɗin tazarar da ke tsakaninsa da su. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙiba da raunin jiki suka fi yawa a tsakanin masu lalurar idan aka kwatanta da sa'o'insu.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci yara 'yan shekara 5 zuwa 17 da su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa bugun zuciya ya ƙaru a kowace rana bisa matsakaicin lissafi, tare da ayyukan ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Hukumar ta bayyana cewa shawarar ta haɗa da yara masu naƙasa.

Amfanin bai tsaya a fili ba. Yaron da ya koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya zai iya sa wando ba tare da ya faɗi ba, ya hau matakala, ya tsallake kwata. Wanda ya koyi tsayawa cak idan ya ji usur ya kama hanyar koyon tsayawa a bakin titi. Jiran layi, karɓa-karɓa, ƙirga tsalle da bambance launuka duk suna shiga kansa a fili da sauƙin da allo ba ya bayarwa, domin jiki yana taya ƙwaƙwalwa riƙe darasin.

Abin da za a bincika kafin a fara

Malami na buƙatar sanin abubuwa biyu game da kowane ɗalibi: abin da ya riga ya iya, da abin da zai iya cutar da shi. Don na farko akwai gwaje-gwaje da aka tsara, kuma fitacce a cikinsu shi ne wanda Ba'amurke Dale Ulrich ya fitar a 1985 domin yara 'yan shekara 3 zuwa 10, wanda ke duba fasahohin tafiyar da jiki kamar gudu da tsalle, da na sarrafa ƙwallo kamar jifa, cafewa da bugu. Inda babu wannan gwaji, takarda guda mai jerin fasahohin ta isa, malami ya rubuta a gaban kowacce ko ɗalibin yana yi shi kaɗai, ko da taimako, ko bai fara ba tukuna. Daga nan ake fitar da buri biyu ko uku na zangon karatu, kuma a rubuta su yadda za a iya aunawa, misali ya cafe ƙwallo sau 6 cikin 10 daga tazarar taku uku.

Na biyu kuwa sai an zauna da iyaye, kuma a nemi bayanin likita idan da hali. Kusan rabin yaran da ake haifa da lalurar Down suna zuwa da matsalar zuciya. Suna kuma da laushin tsoka da sakin gaɓoɓi, sannan kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na da sassauci tsakanin ƙashi na farko da na biyu na wuya, ko da yake kashi 1 zuwa 2 ne kawai ke nuna alamun cuta. Saboda haka ana kauce wa alkafura, buga ƙwallo da kai, kokawa da tsunduma ruwa da kai har sai likita ya amince. Ciwon wuya, karkatar da kai, sauyin tafiya, raunin hannu ko ƙafa da kuma sakin fitsari ga yaron da ya saba riƙewa alamu ne da ke wajabta dakatar da wasa a kai shi asibiti.

Farfaɗiya ma ta fi yawa a tsakanin masu ƙarancin fahimta. Ba ta hana motsa jiki, amma tana buƙatar sa ido a wajen iyo da hawa sama. Idan ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada kuma a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Idan jijjigar ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓa mai ita. Ɗalibi mai sikila kuma a guje masa gajiya mai yawa da ƙishirwa. Tun da yaro mai ƙarancin fahimta ba lallai ya faɗi cewa ya gaji ko yana jin ƙishi ba, malami ne zai ƙayyade lokutan hutu da shan ruwa, ya kuma mayar da darasin zuwa safiya ko inuwa a watannin bazara.

Dabarun koyarwa

Babbar dabara ita ce rarraba fasaha zuwa ƙananan matakai. A ɗauki cafe ƙwallo: ɗalibi ya tsaya ƙafafu a ware, ya miƙa hannaye gaba, ya kafa wa ƙwallon ido, ya rungumo ta zuwa ƙirji. Ana koyar da mataki ɗaya har ya zauna kafin a ɗora na gaba. Wasu malamai kan fara daga na ƙarshe: a ɗora masa ƙwallon a hannu ya rungume, sannan a sako ta daga tazarar tafin hannu, sannan daga taku ɗaya. Amfanin wannan hanya shi ne kowane gwaji yana ƙarewa da nasara, ita kuma nasarar ce ke sa yaro ya yarda ya sake.

Taimakon da malami ke bayarwa hawa-hawa ne. Mafi ƙanƙanta shi ne magana, sai nuni da kwatance, sai taɓa gwiwar hannu ko kafaɗa don tunatarwa, sai kuma riƙe hannun ɗalibi a yi motsin tare da shi. Ana ba da gwargwadon abin da yake buƙata, ana kuma janyewa sannu a hankali, domin yaron da aka saba riƙe wa hannu yakan tsaya yana jiran a riƙe shi. Ana sanar da shi kafin a taɓa shi, kuma ga 'yan mata da suka tasa ya fi dacewa malama ce za ta yi wannan aiki.

Umarni ya zama ɗaya a lokaci guda, da kalmomi biyu ko uku, cikin harshen da yaron ke ji a gida. "Kalli ƙwallo" ya fi dogon bayani amfani. Bayan umarnin a ɗan saurara, domin ƙwaƙwalwarsa na buƙatar daƙiƙoƙi kafin ta mayar da magana aiki, kuma maimaita umarnin da sauri yana ƙara ruɗa shi. Kalmar da aka zaɓa kada a canza ta daga mako zuwa mako. Wajen kwatance, malami ya tsaya kusa da ɗalibi suna fuskantar wuri guda, don kada dama ta koma masa hagu. Katunan hotuna masu nuna jerin ayyukan ranar suna taimaka wa wanda maganarsa ba ta buɗe ba.

Tsarin darasin ya zama iri ɗaya kullum: wurin taruwa guda, alamar farawa guda, alamar tsayawa guda. Darasi na minti 35 ana iya kasa shi zuwa minti 5 na ɗumama jiki, 15 na koyon fasaha, 10 na wasan da ake amfani da fasahar a ciki, da 5 na hucewa. Gajerun atisaye da ake maimaitawa sau da yawa a mako sun fi dogon atisaye guda tasiri. Yabo kuma ya zo nan take, ya ambaci abin da aka yi daidai, kamar a ce "madalla, ka miƙa hannunka". Fasahar da aka koya da ƙwallo ɗaya a wuri ɗaya ba lallai yaron ya gane ta a wani wuri ba, don haka ana sauya ƙwallo, wuri da abokin wasa da gangan bayan fasahar ta zauna.

Idan ɗalibi ya ƙi shiga wasa, ko ya gudu, ko ya bugi wani, sau da yawa akwai dalili: hayaniya, zafin rana, aikin da ya fi ƙarfinsa ko dogon jira a layi. Gyara dalilin ya fi tsawa amfani. Bulala da sa tsallen kwaɗo a matsayin horo suna sa yaro ya tsani filin baki ɗaya. Wasannin da ake fitar da wanda ya yi kuskure su ma ba su dace ba, domin wanda ya fi kowa buƙatar atisaye shi ne zai fara fita. Haka kuma a lura da shekaru: saurayi ɗan shekara 15 a sauƙaƙa masa ƙwallon ƙafa ko gudu, kada a ba shi wasan 'yan reno.

Gyara wasa ya dace da ɗalibi

Abubuwa huɗu malami ke iya sauyawa a kowane wasa: fili, aiki, kaya da mutane. Ana rage faɗin fili a shata iyakarsa da toka ko igiya. Ana rage ƙa'idoji, ko a ba ɗalibi damar tsayar da ƙwallo kafin ya buga. Ana sauya ƙwallo da babba, mai laushi, mai launi. Balan-balan na saukowa a hankali, don haka yana ba ido lokacin bin sa. Ana kuma rage yawan 'yan wasa zuwa uku-uku ko huɗu-huɗu domin kowa ya taɓa ƙwallo. Yawancin kayan ba sa buƙatar kuɗi: ƙwallon tsumma, ƙananan jakunkuna cike da yashi, robobin ruwa a matsayin alamu, tsofaffin tayoyi da kwando.

Wasannin gargajiya na da fifiko guda, wato yaron zai same su a unguwa idan ya koma gida. Langa horo ce ta daidaita tsayuwa: a fara da tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, sannan yana riƙe da aboki, sannan tsalle ɗaya-biyu, ba tare da ture ba. Gaɗa na koyar da tafi bisa kari, zagaye da jiran lokaci, amma a tsame ɓangaren da yarinya ke faɗawa baya a cafe ta ga mai matsalar wuya. Carafke na haɗa aikin ido da yatsu, kuma ana iya farawa da jakar yashi guda maimakon tsakuwa. Tsallen igiya ana fara shi da igiya a shimfiɗe a ƙasa.

Haɗa su da sauran ɗalibai

Haɗa ɗalibai a darasi guda yana da siffofi. Akwai ayyukan da kowa ke yi tare ba tare da sauyi ba, kamar ɗumama jiki. Akwai waɗanda kowa ke yi amma kowa a matakinsa. Akwai inda ake kasa aji rukuni-rukuni bisa iyawa, sannan akwai ɗan lokacin da ɗalibi zai keɓe da mataimaki ya koyi wata fasaha kafin ya dawo cikin jama'a. A aji mai cunkoso, dabarar da ta fi sauƙin aiwatarwa ita ce horar da wasu ɗalibai su zama abokan koyo, a nuna musu yadda ake ba da gajeren umarni da yabo, a kuma riƙa sauya su don kada nauyin ya tare a kan yaro ɗaya. Masu lalura mai tsanani ƙwarai su ma suna da rabonsu: miƙa hannu, riƙe abu, mirgina ƙwallo da tafiya da tallafi.

Tanadin doka

Najeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010. Sashe na 30 na yarjejeniyar ya wajabta wa ƙasashe tabbatar da cewa yara masu naƙasa sun samu damar wasa da motsa jiki daidai da sauran yara, har da na cikin makaranta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har matakin sakandare, ta kuma umarci makarantun gwamnati su karɓe su tare da tanadar ma'aikaci aƙalla guda da aka horar don kula da karatunsu. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko cibiya. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa a 2020. Jihohi da dama, ciki har da Legas, Filato, Jigawa, Kano da Kaduna, suna da nasu dokokin.

Ta fuskar horar da malamai, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, sannan jami'o'in Ibadan, Jos da Bayero ta Kano suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman. Tun da sashen motsa jiki daban yake da na ilimin musamman, aiki a makaranta ya fi kyau idan malaman ɓangarorin biyu suka tsara darasin tare.

Daga filin makaranta zuwa gasa

Babbar ƙungiyar wasannin masu wannan lalura ita ce Special Olympics, wadda Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar Shugaban Amurka John F. Kennedy, ta assasa. 'Yar'uwarsu Rosemary na da lalurar. An yi gasar farko a birnin Chicago a watan Yulin 1968, da 'yan wasa kimanin 1,000 daga Amurka da Kanada. Ana shiga gasanninta daga shekara 8, akwai kuma shirin wasa na 'yan shekara 2 zuwa 7. Ana kasa 'yan wasa rukuni-rukuni na mutum uku zuwa takwas masu iyawa kusan ɗaya, ta yadda kowa ke da damar yin nasara, kuma akwai ƙungiyoyin da ke haɗa masu lalurar da marasa ita. Ƙungiyar na da reshe a Najeriya, kuma 'yan wasan ƙasar sun halarci gasannin duniya na Abu Dhabi a 2019 da na Berlin a 2023.

A gasar Olamfik ta masu naƙasa kuwa, an dakatar da wannan rukuni bayan gasar Sydney ta 2000, inda aka gano cewa 10 daga cikin 'yan wasan ƙwallon kwando 12 na Sifaniya ba su da lalurar. An dawo da shi a gasar Landan ta 2012 bayan tsaurara tantancewa, a guje-guje da tsalle-tsalle, iyo da ƙwallon tebur.

Rawar iyaye

Darasi ɗaya ko biyu a mako ba zai cika minti 60 na kullum ba, don haka ragowar na hannun gida. Iyaye na iya neman malami ya faɗa musu fasahar da ake koyo da kalmomin da ake amfani da su, su maimaita minti goma da yamma tare da 'yan'uwan yaron. Tafiya da ƙafa zuwa shago tare da babba, shara, ban ruwan shuka da ɗaukar kaya marasa nauyi duk motsa jiki ne. Su kuma sanar da makaranta duk wani magani da yaron ke sha da duk wani gargaɗin likita. A ƙarshen zango, iyaye da malami su sake duba takardar da aka cike a farko, su ga fasahohin da suka tashi daga layin "da taimako" zuwa layin "shi kaɗai", sannan su zaɓi burin zango na gaba.